Gwaggo bata hau taswira ba

Jiya akayi sadakar arba'in ɗin Gwaggo, yau gidan yayi tsit kamar ba shine ya cika maƙil da mutane ba, kujerun roban da muka hayo tun da safe mai aboboya yazo ya kwashe, sai ni kaɗai a ƙofar ɗaki da waya a hannu, shine nace bari dai in rubuta abun nan da yake cina tun ranar da muka dawo daga maƙabartar Tafo.

Gwaggo ƙanwar babanmu ce, ita kaɗai ta rage mana a manya. Duk wanda ya tashi a layinmu nan Aboabo a Kumasi ya sha kokonta, shekara da shekaru tana dama koko tana suyar ƙosai kafin ƙafa ta zaunar da ita, ga hawan jini ga suga. Ran wata Talata ta tashi tace jikinta duk ciwo kamar an mata duka, kai kamar zai tsage, ga zazzaɓi ga tari busasshe. Mu kuma me mukace? Mura ce Gwaggo, kataa ce, ruwan jiya ne ya taɓa ki. Aka dafa mata citta da kanumfari aka matsa lemun tsami, aka shafe mata ƙirji da Robb, ni na tsallaka titi wurin mai shagon magani ya haɗo min para da ruwan tari da kafson amoksisilin. Ran Juma'a har ta ɗan warware ta zauna ta sha kunu tana ma jikoki faɗa akan sun ɓatar mata da carbi. Asabar da dare sai numfashi ya fara sarƙewa, kana jin ƙirjin daga tsakar gida, kafin a samo tasi a wannan tsohon daren, kafin mu fito da ita daga lungu, Allah ya karɓi abarsa. Ba'a kira azahar ba mun kaita makwancinta. Allah ya jiƙanta yasa ta huta.

Duk wanda yazo gaisuwa ya tambaya me ya sameta amsar ɗaya ce, 'yar mura tayi, kwana ne ya ƙare. Kuma gaskiya ne kwana ya ƙare, wannan ba mai ja. Amma ba wanda ya saka mata tsinke a hanci ya gwada, ba likitan da ya ganta, ba takardar da aka rubuta ga abunda ya kasheta.

Ran sadakar bakwai ɗan yayata yazo, yana karatu a Tech, jami'ar kimiyya da fasaha ta nan Kumasi, irin karatun nan na awon ƙasa da zana taswira a kwamfuta, kullum laftof a bayansa kamar goyo. Da dare bayan an watse muna zaune ina bashi labarin yadda ciwon ya fara sai yace Kawu wannan fa yayi kama da infuluwenza, nace to ai murar kenan, yace a'a Kawu, mu Hausa ce ta haɗa mana su a kalma ɗaya. Akwai murar da zakayi kwana uku kana fyace majina kana zuwa kasuwa abunka, akwai kuma wacce take kada mutum farat ɗaya da zazzaɓi mai zafi da ciwon gaɓɓai, ƙwayar bairos ɗinsu ma daban, kuma ta biyun ce take gangarawa huhu ta zama nimoniya musamman ga tsofaffi da ƙananan yara da masu ciki da masu suga ko asma ko ciwon zuciya. Yace kafson da na siyo ma bairos bata san da zamansa ba, na ƙwayar bakteriya ne, maganin da akeyi don ita kanta sunansa oseltamivir, wanda akafi sani da Tamiflu, kuma yafi aiki in an fara shi cikin awa 48 na farko. Nayi shiru. Ban ji daɗin maganar ba wallahi, amma yaro bai yi ƙarya ba.

Sai ya buɗe laftof ya haɗa da datan wayata, wacce ya cinye min tas a daren, ya nuna min shafin Hukumar Lafiya ta Duniya da ake cema FluNet. Tun 1997 yake aiki, ƙasashe suna turo sakamakon gwajin mura duk sati. Taswirar duniya ce gata nan, ka taɓa ƙasa ta fito maka da bayaninta, ka zaɓi shekara ka zaɓi sati, ga sanduna a tsaye kala kala, kowace kala da nau'in ƙwayar murar da take nunawa, wannan kalar H1N1, waccan H3N2, waccan nau'in B, kana ja da yatsa kana ganin yadda abun yake tashi yana sauka. Ka duba Ingila ko Amurka zakaga tsauni ɗaya ne duk shekara, lokacin sanyinsu daga wajen Disamba zuwa Maris, sauran watannin ƙasa a shafe. Ka dawo Ghana kuma ba haka bane, abun yana nan warwatse kusan duk shekara, nan ya ɗaga can ya lafa, har da tsakiyar damina, mu da muke ɗora ma hunturu da ƙurarsa laifin komai. Abun ya burgeni ba ƙarya, na kusa awa ɗaya ina latse latse kamar yaro ya samu sabon gem.

Can nace masa to jawo min Kumasi kusa, nuna min Aboabo, nuna min satin da Gwaggo ta rasu. Yayi dariya yace Kawu anan Ghana gaba ɗayanta kala ɗaya ce, daga Paga can ƙarshen arewa har Axim bakin teku.

Ya min bayanin yadda lamba take hawa har ta kai can, kuma sai da na sashi ya maimaita saboda hanyar tana da tsawo. Ba kowane asibiti ake ɗaukan samfur ba, wasu ne aka zaɓa a yankuna, har da na sojoji. Mutum yazo da zazzaɓin da ya kai digiri 38 da tari wanda ya fara cikin kwana 10 da suka wuce, to ya shiga ma'aunin, cikin irinsu ake ɗaukan 'yan kaɗan a sati a goga musu tsinke mai auduga a hanci ko maƙogwaro, a jefa a 'yar kwalba, a saka a akwatin sanyi, a tura cibiyar Noguchi dake Legon a Accra, don can ne cibiyar mura ta ƙasa take. Noguchi ɗin nan sunan wani likita ne ɗan Japan da shawara ta kashe a Accra a 1928 yana tsaka da bincike akanta, Japanawa suka gina cibiyar da sunansa aka buɗe a 1979. A can ake gwajin PCR, wanda yake gano ƙwayar bairos ɗin a cikin samfur, a gane wane nau'i ne, a tura lambobin FluNet, wasu samfuran kuma a wuce dasu manyan dakunan gwaji irin na London da Atlanta, daga abunda aka tara a duniya ne ake zama sau biyu a shekara, Fabrairu da Satumba, a yanke irin allurar rigakafin da za'a haɗa. Wannan tsarin na sa ido akan mura a duniya tun 1952 aka fara shi.

Da naji haka sai na ɗan sauko, don da farko har na fara zafi ina cewa aikin banza ne. Ba na banza bane. Kamar mai siyan masara ne a kasuwa, baya ƙirga ƙwaya, hannu yake zurawa a buhu ya ɗebo ya duba irinta. Taswirar tana gaya maka wace irin mura ce take yawo da kuma ko tana ƙaruwa, wannan aikinta ne kuma tana yinsa. Matsalar tana wurin mu masu kallo, da wasu masu mulki ma, ka ga wuri fari tas a taswira sai zuciyarka tace lafiya lau ake a can. Alhali farin nan sau da yawa ma'anarsa kawai ba wanda ya zura hannu a wannan buhun.

Ko lissafin mutuwa na duniya ma ka duba shi da kyau. Hukumar tace duk shekara mutum wajen biliyan 1 suke kamuwa, miliyan 3 zuwa 5 abun yayi musu tsanani, masu mutuwa ta hanyar numfashi kuma tsakanin 290,000 da 650,000. Kaga tazarar? Na sama ya ninka na ƙasa ya ɗora. Ba gawa aka bi aka ƙirga ba, lissafi ne akeyi daga ƙasashen da suke rubuta kowace mutuwa da dalilinta, a duba nawa ake mutuwa a watan da ba mura, nawa ake mutuwa a watan da take gari, rarar ita ake ɗora mata. To ƙasar da tsohuwa zata rasu da asuba a binneta kafin azahar ba takarda, da me za'a yi wannan ɗebewar? Haka akayi a 2009 lokacin murar da aka laƙaba ma sunan aladu, waɗanda gwaji ya tabbatar sun mutu wajen 18,500 ne a duk duniya, da masana suka zauna daga baya sai ƙiyasinsu ya kama daga dubu 150 da ɗoriya har sama da dubu 500, kuma suka ce kaso mai yawa a Afirka ne da kudu maso gabashin Asiya, wato daidai wuraren da taswirar lokacin tafi nunawa fari.

Mu mutanen nan ai bai kamata a bamu labari ba. Ƙarshen 2017 a Kumasi Academy, nan Asokore Mampong, bayan gidanmu kenan, ɗalibai huɗu suka rasu cikin 'yan kwanaki. Wanda yake garin nan lokacin ya tuna yadda akayi, kowa da abunda yake faɗa a trotro da wurin mai shayi, wasu sanƙarau, wasu abinci, wasu kuma sun rantse asiri ne, iyaye suka yi dafifi a ƙofar makaranta kowa yana son ya ɗauke ɗansa, kuma ni bana ganin laifin uwar da tayi haka, nima da nawa ne a ciki da katanga zan haura. Sai da samfur yaje Noguchi ya dawo, ministan lafiya na lokacin Kwaku Agyeman-Manu ya fito yace cikin 19 da aka gwada 12 H1N1 ce, irin ta 2009. Mura. Ita dai wannan da muke cema 'yar mura, kuma ba tsofaffi ta kada ba, matasa ne da jini a jika. Daga baya aka kawo magani aka yi ma ɗalibai allura. Abunda nake tunani yanzu shine yaran da aka kwashe aka tafi dasu gida kafin sakamako ya fito, kowanne ya hau mota ya shiga gidan haya mai ɗaki goma sha, akwai kaka a ciki akwai jariri. A irin wannan satin ne taswira take da rana, ace ma'aikacin lafiya ya buɗe yaga yaro kaza sun tafi unguwa kaza, bari mu sa ido a shagunan magani da asibitocin wurin.

Yaron nan da yaga na kamu sai ya ƙara min da wani, yace Kawu ka san an taɓa zana hanyar da mura ta bi a ƙasar nan shekara ɗari da suka wuce? Ƙarshen watan Agusta 1918 wani jirgin ruwa mai suna Shonga ya taso daga Freetown ya tsaya Cape Coast, kwana kaɗan ya iso Accra, Ankara inji tsofaffinmu, da marasa lafiya a ciki. Layin dogo daga Sekondi ya riga ya shigo Kumasi tun 1903, to kafin Satumba ta ƙare ciwon yana garin nan, daga nan ya kama hanyar arewa, Yeji, Salaga, Tamale, yabi ƙafar mutane. Ka kalli wannan layin a taswira kaga hanyar kakanninmu ce sak, hanyar goro da shanu, zango bayan zango, inda fatake suke sauke kaya su kwana nan ciwo ma yake sauka. Wani masanin tarihi David Patterson da ya bi takardun lokacin ya ƙiyasta mutum 100,000 ko fiye suka mutu cikin 'yan watanni, a ƙasar da mutanenta basu wuce miliyan 2 da 'yan kai ba, kuma arewa tafi jin jiki. Adadin da Turawan mulki suka rubuta bai kai haka ba, don suma inda suke da likita da magatakarda nan suka iya ƙirgawa. Alhaji Umaru na Kete Krachi, babban malamin nan haifaffen Kano da ya rasu a 1934, har waƙe ya rubuta akan annobar. Abun ya tsaya min a rai, ace malamin zango ya ga abun ya isa a rubuta, mu jikoki masu waya biyu biyu a aljihu bamu rubuta komai.

Da korona tazo kowa ya zama masanin taswira. Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka ta buɗe nata allon a Janairu 2020, baƙi da jajayen ƙwallaye, Ghana ta samu mutum biyu na farko ran 12 ga Maris, ran 30 ga wata aka kulle Accra da Kumasi sati uku, muna zaune a gida ba kasuwa ba jam'i muna ta sabunta shafin Ghana Health Service muna kallon lambar Ashanti, yankinmu na Kumasi, tana hawa. Na tuna wani abokina ɗan arewa yana min tsiya a WhatsApp wai ku 'yan Kumasi kun zama ja, mu namu fari. To a farkon nan ina ake gwajin? Noguchi a Accra da cibiyar bincike ta KCCR a Tech. Inda injin yake nan lamba take taruwa. Ga kuma yawan jama'a, in ka zana ƙwallo da yawan waɗanda suka kamu kawai to kullum babban gari ne zai fi ja ko da ciwon yafi cin wani ƙauye, sai an raba da yawan mutanen wurin, ace cikin kowane 100,000 mutum nawa, sannan kala take faɗin gaskiya. Taswira mai kyau ya kamata ta baka maɓallin da zaka juya tsakanin biyun, kuma ta nuna maka mutum nawa aka gwada, in bata nuna wannan ba ni yanzu bana yarda da kalarta.

Amma korona ta koya min wani abun kuma, wanda yasa bana goyon bayan yaron nan ɗari bisa ɗari. Shi a son ransa kowane mara lafiya a ɗiga masa ɗigo a daidai gidansa, yace ai ga GhanaPost GPS tun 2017, an yanka ƙasar gaba ɗaya mita 5 sau mita 5 kowanne da lambarsa, kuma ya kawo min labarin John Snow, likitan London da ya ɗiga gidajen waɗanda kwalara ta kashe a 1854 ya ga sun kewaye famfo ɗaya a Broad Street har aka cire hannun famfon. Nace naji, amma kai baka ga abunda na gani ba. A unguwar nan akwai gidan da motar asibiti ta tsaya a ƙofarsu sau ɗaya lokacin korona, matar gidan tana saida waakye, wata biyu ba wanda ya sayi ko na sidi ɗaya, yaranta in sun fito wasa sai a janye nasu, kuma ƙarshenta ma gwajin ya nuna ba komai. Yanzu ace wannan gidan ne da jan ɗigo a intanet kowa yana jawowa kusa yana ganin rufin kwanonsu? Gobe wa zai yarda a gwada shi? Mu 'yan unguwannin Zango dama an saba ɗora mana, datti mu, cunkoso mu, in abu ya ɓace mu, sai kuma mu miƙa musu taswira da hannunmu. Nace masa ɗigon gida ya tsaya a kwamfutar ma'aikacin lafiya da zai je ya duba, wanda jama'a zasu gani a tsaya a unguwa, Aboabo, Asawase, Sawaba, Sabon Zongo, a shafa kala a wuce. Yace in unguwa tayi ƙanƙanta kuma mutum ɗaya ne ya mutu ai kowa ya san waye. Nace to a haɗa ta da maƙwabciyarta. Mun daɗe muna wannan musun har Inna ta leƙo tace dare yayi ku bar mutane su kwana.

Wai har Google ma sun taɓa gwada nasu, daga 2008, suna ƙiyasta mura daga abunda mutane suke tambaya a intanet, a 2013 lissafin ya zarce gaskiya nesa a Amurka, 2015 suka rufe. Ko da yayi aiki ma Gwaggo bata taɓa tambayan Google komai ba, ni take aika.

To shine na kwana ina juya abun. Waye yake fara sanin mura ta shigo unguwa? Mai shagon magani, don shi yake ganin ruwan tari ya ƙare a kanta cikin kwana uku. Malamin makarantar allo da na Islamiyya, da zai ga tabarma ɗaya ba kowa. Waye yake sanin mutuwa? Liman da ya sallaci gawa, matan da suke wanka, samarin da suke haƙa kabari. Wallahi akwai wata tsohuwa a layinmu da take wankan gawar mata, in ka zauna da ita zata lissafa maka duk wacce ta rasu daga azumin bara zuwa yau da abunda ya kwantar da ita, ba littafi ba komai. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Labarin yana nan a unguwa, hanyar da zai bi ya isa ofishin lafiya na gunduma ce babu. Kuma ba sabon abu zamu ƙirƙira ba, a Navrongo da Kintampo da Dodowa cibiyoyin bincike sun daɗe suna bin gida gida in anyi rasuwa, bayan kwanaki su zauna da dangi su tambaya yaya ciwon ya fara, akwai zazzaɓi, akwai tari, kwana nawa, daga amsoshin a fitar da abunda yafi kama da dalili.

Bayan sallar isha'i ran wata Laraba na tsaya har mutane suka ragu na matsa kusa da Liman na durƙusa. Nace Allah gafarta Malam wata shawara nazo da ita, in ba daidai bane a gyara min. Nace littafi nake so mu ajiye a masallaci, duk gawar da aka sallata a rubuta kwanan wata, namiji ko mace, shekaru ko da ƙiyasi ne, unguwa, da abunda dangi suka ce ya kwantar da mutum a satinsa na ƙarshe, a gida ya cika ko a asibiti, ba suna ba lambar gida. Ya daɗe yana jan carbi bai ce komai ba, na'ibi ne ya fara magana yace yanzu mutuwa ma sai an mata rajista kamar katin zaɓe, ajali ai ajali ne, kuma wa ya san inda takardar zata ƙare, gobe a zo ace za'a riƙe mana gawa sai an yanka ta an duba. Wannan tsoron na gaske ne kuma nima inada shi, ba wanda yake so a ajiye masa uwa a firij kwana huɗu. Nace ba'a taɓa jana'iza ba Malam, a binne akan lokaci kamar kullum, rubutun bayan an dawo ne.

Sai Liman ya ɗago yace ma na'ibi, Malam ka manta hadisin annoba? In kun ji tana wata ƙasa kada ku shiga, in ta sameku a ciki kada ku fita. Yace to yaya mutum zai yi aiki da wannan in bai san inda take ba? Ya kawo labarin Sayyidina Umar da ya kama hanyar Sham aka tare shi da labarin annoba ya juya da jama'a, aka ce masa gudun ƙaddarar Allah kake, yace eh muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Ni da na zo da Noguchi da FluNet a baki sai na tsinci kaina ina gyaɗa kai kawai. Amma ya kafa sharaɗi, littafin a hannun na'ibi zai zauna ba a hannuna ba, ba'a ɗaukan hotonsa a waya, kuma duk dangin da suka ce basa so to ba'a rubuta nasu. Na'ibi yace shi dai ba zai bi mutane da biro ranar da suke kuka ba, sai ran sadakar uku. Nace hakan ma yafi.

Washegari na sayo littafi mai bango mai kauri a Alabar, na ja layuka da rula. Akwai wata nas 'yar unguwarmu da take aikin zagayen allurar yara, na mata maganar a hanya, tace Yaya in kun tara na wata ɗaya ku kirani in gani, in akwai abunda ya taru wuri ɗaya ni na san wanda zan gaya mawa a ofis, amma kar ku saka ran zai hau wata taswira gobe, tsarin da muke shigar da lambobi na abunda aka gani a asibiti ne. Nace mun ji. Ta ƙara da cewa in tsoho ko mai ciki ko ƙaramin yaro yayi zazzaɓi da tari, numfashi ya fara sauri ko ƙirji yana shiga ciki, kar a jira dare, kuma a duba katin inshorar lafiya tun yau ko wa'adinsa ya ƙare ya mutu, don rabin mutanen da take gani abunda yake hanasu tafiya kenan. Na Gwaggo ya mutu tun bara, sai bayan rasuwarta na gani a ƙarƙashin katifa cikin leda tare da katin zaɓenta.

Yanzu layi huɗu ne a littafin. Masallaci ɗaya, cikin masallatai nawa a Aboabo kaɗai, ɗan yayata yace da layi huɗu ko kalar farko ba zai iya shafawa ba, sai an samu kamar masallatai goma sun yarda, shine ya zana min taswirar unguwannin dai ya bar su fari ya ajiye a laftof. Na tambayi Liman ko zai yi ma sauran limamai maganar in sun haɗu, yace bari a ga wata uku tukuna, kar a tara mutane akan abunda zamu watsar kamar asusun gyaran rufin nan.

Layin farko mun ɗan yi gardama akai, na'ibi yace littafin daga ranar da aka buɗe shi yake farawa, wanda ya riga ya riga. Nace Malam dan Allah wannan ɗayan dai. Ya kalleni ya buɗe biro da haƙori yace faɗi. Nace mace, shekara saba'in da wani abu, yace wani abu nawa, nace saka 75. Aboabo. Zazzaɓi, tari, ciwon jiki, kwana biyar, numfashi a daren ƙarshe. Ya tambaya a gida ko asibiti, nace a lungu, tsakanin ƙofar gida da tasi. Ya tsaya da biro a sama yace babu gurbin wannan a layukan da ka ja, sai ya rubuta gida.